Darasi na Tara: Zuwa Kallon Wasa a Dandalin Jami'a, Samaru

A cikin harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, tsakanin dogayen gine-ginen siminti, akwai wani gida na ƙasa mai zagayayyun ɗakuna. Wanda ya hango shi karon farko zai iya ɗauka gidan wani mai unguwa ne da aka manta ba a tasa ba lokacin da aka kafa jami'ar a 1962. Alhali gidan wasan kwaikwayo ne. Ɗalibai suna kiransa Drama Village, wato ƙauyen wasa, kuma tun 1976 yake nan.

Mutanen Samaru da yawa sun yi furfura suna wucewa ta bakin ƙofar jami'a. Wasu ma a ciki suke neman abincinsu, masu shago, masu wanki da guga, direbobi, masinjoji. Amma ƙalilan ne daga cikinsu suka taɓa zama suka kalli wasa a wannan gida. In aka bincika, ba kuɗin shiga ne ya hana su ba. Wani zai ce ai wurin 'yan boko ne. Wani zai ce bai san ranar da ake yi ba, ko kuma yana tsoron ya shiga ya yi abin da za a yi masa dariya. Duk waɗannan abubuwa ne da ake koya cikin zama ɗaya.

Gidan da aka gina kamar gida

Mutum biyu ake yawan ambata a tarihin ginin. Na farko Michael Etherton, malamin wasan kwaikwayo da ya zo Zariya bayan ya yi aiki a Jami'ar Zambiya, inda shi da ɗalibansa suka kafa wani dandali na fili mai suna Chikwakwa. Na biyu Steven Ehrlich, Ba'amurke mai zanen gine-gine, wanda ya zauna a Maroko kafin ya zo koyarwa a Samaru. Shi ya zana, magina na gargajiya suka ɗora. Ba abin mamaki ba ne a sami gwanayen ginin ƙasa a Zazzau, garin da Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a tun shekarun 1830.

A wannan shekara ta 1976 aka kammala babban gidan wasa na ƙasa a Iganmu, Legas, domin bikin FESTAC na 1977. An gina babban zaurensa don ɗaukar mutum 5,000, an kuma kwaikwayo siffarsa ne daga wani gini da ke birnin Varna na ƙasar Bulgeriya. Na Samaru bai je ko'ina aro ba. Tsarin gidan Bahaushe aka ɗauko: katanga, ɗakuna a kewaye, fili a tsakiya. Wannan filin shi ne wurin wasa, kuma ana iya juya shi yadda aka ga dama. Yau 'yan kallo su zauna gefe guda suna fuskantar 'yan wasa, gobe su kewaye su kamar yadda ake kewaye 'yan dambe.

Sanin wannan yana da amfani ga mai zuwa kallo, domin siffar gida ita ke gaya wa baƙo yadda zai zauna a cikinsa. A nan babu wani labule mai nauyi da ya raba mai wasa da mai kallo. Ɗan wasa yana ganin fuskokin mutane, yana jin tarin da aka yi a layin baya, wani lokaci ma ta kusa da ƙafar mai kallo zai bi ya shiga fage. Wanda ya miƙe ƙafa a hanya, ko ya ajiye jaka a inda ya ga babu kowa, yana iya kayar da sarkin da ke shirin fitowa.

Yaushe, kuma ta ina

Ba kullum ake wasa ba. Gidan na Sashen Nazarin Wasan Kwaikwayo ne da ke Tsangayar Fasaha, don haka kalandar karatu yake bi. An fi samun wasanni idan zangon karatu ya yi nisa, lokacin da ɗalibai suka gama atisaye suna nuna abin da suka shirya. Da hutu gidan shiru yake. Haka ma lokacin yajin aiki: wanda malaman jami'o'i suka yi a 2022 ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Sanarwa na fitowa a takardun da ake liƙawa a allunan tsangaya da bakin ɗakunan kwanan ɗalibai, yanzu kuma har da WhatsApp da Facebook. Hanya mafi sauƙi ga mutumin gari ita ce ya sa wani ɗalibi da ya sani, ko ɗan haya a gidansu, ya riƙa sanar da shi. Abu huɗu zai tambaya: rana, lokaci, kuɗin shiga, da harshen da za a yi wasan. Na ƙarshen nan ana yawan mantawa da shi. Yawancin wasannin da Turanci ake yi, amma akwai na Hausa, akwai masu gauraya Hausa da Turancin buroka, akwai kuma waɗanda rawa da kiɗa suka fi magana yawa a cikinsu, wanda ko kurma ya kalla zai fahimta.

Mai tasowa daga Sabon Gari zai hau bas ko keke a PZ, a bi da shi titin Sakkwato ta Kwangila, a wuce Palladan da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, a sauke shi a babbar ƙofar jami'a. Da yamma hanyar na cushewa, musamman wajen Kwangila inda manyan motoci ke ratsawa, saboda haka gara ya ƙara rabin awa a kan lissafinsa. Mutumin Samaru kuwa titi kawai zai tsallaka.

A ƙofa masu tsaro na iya tare shi. Ba wani abin tashin hankali ba ne, aikinsu ke nan.

"Malam, ina zuwa?"

"Sannu da aiki, Baba. Drama Village zan je, kallon wasan ɗalibai."

Yawanci iyakarta ke nan. Yana da kyau ya riƙe katin shaida, in ma yana da hoton sanarwar a wayarsa ya nuna. Harabar tana da faɗi ƙwarai, baƙo na iya ɓata lokaci yana zagaye. Duk ɗalibin da ya tambaya zai nuna masa hanya.

Sai batun salla. Wasanni da yawa da yamma ake sa su ko bayan faɗuwar rana, domin fitilu su yi aikinsu. Akwai masallatai a harabar. Wanda ya yi Magariba kafin ya shiga ya huta, ya kuma hutar da mutum goma da zai tsallake in ya tashi a tsakiyar wasa.

Tikiti a bakin ƙofa ake saye, wani lokaci kuma ɗalibai kan yi ta tallarsa kwanaki kafin ranar. Akwai wasannin da kyauta ne. Ya zo da canji a aljihu. Ɗalibar da ke zaune a tebur ba banki ba ce, kuma jiran tiransifa ya shiga ya sha sa mutane rasa farkon wasa.

Abin da za a sa a jiki bai da doka. Babbar riga, kaftani, atamfa, hijabi, duk daidai ne. Yanayi ne ke yin dokar. An tsara gidan iska na ratsa shi, saboda haka a Disamba da Janairu, lokacin da hunturun Zariya ke shiga har ƙashi, wanda ya zo ba rigar sanyi zai kalli rabin wasa ne kawai, sauran rabin yana karkarwa. Da damina kuma sauro na zuwa kallo ba tikiti.

Yadda ake yi a gidajen opera

Kafin a zo kan ladabin zama, yana da kyau a leƙa wani irin gidan wasa da ya sha bamban da na Samaru, domin ta hanyar kwatance ake gane dalilin kowace doka.

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi tun daga farko har ƙarshe. Gaisuwa waƙa, faɗa waƙa, mutuwa ma waƙa. A Italiya ya samo asali wajen shekarar 1600, kuma a birnin Venis aka buɗe gidan farko da kowa zai iya biya ya shiga, a 1637. Mafi shahara a yau shi ne La Scala na birnin Milan, wanda aka buɗe a 1778, mai ɗaukar mutum kusan 2,000. Zaurensa siffar kofaton doki gare shi. Akwai kujeru a ƙasa, akwai 'yan ɗakuna hawa-hawa a jikin bango, sai can ƙololuwa inda tikiti ya fi araha. Makaɗa a wani rami suke zama gaban dandamali, jagoransu na tsaye da 'yar sanda. Mawaƙan kuma bisa al'ada ba sa amfani da lasifika. Da ƙarfin ƙirji suke aika murya ta haye kan makaɗa sittin ko fiye ta isa layin ƙarshe.

Daga nan dokokin suka fito. Tunda babu lasifika, ƙarar buɗe ledar alewa ma damuwa ce. Tunda waƙar ba ta tsayawa, da zarar an fara sai a rufe ƙofofi, wanda ya makara ya jira a waje har lokacin hutu, ko da tikitinsa ya fi na kowa tsada. Jiran na iya kai awa guda. Ana kaɗa ƙararrawa kafin a fara da kuma ƙarshen hutu. Kowane tikiti na ɗauke da lambar layi da ta kujera, kuma akan saye shi makonni kafin ranar. Akwai wurin ajiye manyan riguna da jakunkuna. Wasan kan ci awa biyu da rabi zuwa huɗu. Saboda yawanci da Italiyanci ko Jamusanci ko Faransanci ake rerawa, tun 1983, lokacin da wani kamfanin opera a Toronto ta Kanada ya fara, ake haska fassarar baitocin a saman dandamali, kamar rubutun da ke ƙasan fim.

Wannan ba labarin nesa ba ne kamar yadda ake zato. Hausawa da yawa na zuwa Alƙahira karatu ko neman magani, kuma can akwai gidan opera. Na farkon an buɗe shi a 1869, shekarar da aka buɗe mashigin Suwez, a cikinsa aka fara nuna shahararren wasan nan Aida na Verdi a Disamban 1871. Gobara ta cinye shi a 1971. Na yanzu, wanda Japan ta taimaka aka gina a tsibirin Jazira, an buɗe shi a 1988. An san babban zaurensa da tsaurin doka kan sutura: namiji sai da kwat da ɗan ƙyallen nan da Turawa ke ɗaurawa a wuya. Ɗalibin Azhar da ya yi niyyar zuwa, ya tambayi dokar tun wajen sayen tikiti.

Kada dai a ɗauka 'yan kallon opera gumaka ne. Mazauna ƙololuwar La Scala sun yi suna wajen rashin ragowa. A Disamban 2006 sun yi wa fitaccen mawaƙi Roberto Alagna ihu bayan waƙarsa ta farko a cikin Aida, ya fusata ya fice daga dandamali, sai da wani mawaƙin ya shigo da kayan jikinsa, wandon jins da riga, ya ci gaba daga inda aka tsaya. Abin lura shi ne sun bari ya kai ƙarshen waƙar kafin su yi ihun. Can ma ana tafi, ana sowa, ana nuna ƙin abu, amma kowanne da lokacinsa.

Shiru da magana a Samaru

Bahaushe bai saba kallo da baki rufe ba, kuma ba aibu ba ne. A tashe, yara na wasa mutanen gida na amsawa. A Kalankuwa, bikin kaka da aka san ƙauyen Bomo da shi a nan kusa da Samaru, da wuya a ce ga inda 'yan wasa suka ƙare 'yan kallo suka fara. A gaban makaɗi kuwa, wanda waƙa ta ratsa tashi yake ya yi liƙi, mata su rangaɗa guɗa. Jami'ar kanta ta girmama wannan gado ranar da ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a 1988.

Malaman wasan kwaikwayo na Samaru ba su yi yaƙi da wannan hali ba, aiki suka yi da shi. A 1977 suka fita da ɗalibai zuwa yankin Soba suka yi Wasan Manoma, a 1979 suka je Maska, daga baya Bomo. Mutane irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah sun yi suna a wannan fage. Tsarin shi ne a zauna da mutanen gari a ji abin da ke damunsu, taki ne, ruwa ne, ko gona, a mayar da shi wasa, a nuna musu, sannan a tsaya a tambaye su: haka abin yake? Me ya kamata wannan mutumin ya yi? Shi ma garin Samaru an sha shiga unguwanninsa da irin wannan wasa. A nan, mai kallon da ya yi shiru shi ne bai yi aikinsa ba.

To, ta yaya baƙo zai gane wane irin wasa ya tarar? 'Yan wasan ne za su nuna masa. In suka juyo suka jefa tambaya, ko mai ba da labari ya ce a amsa waƙa, ko aka tsayar da wasa aka nemi ra'ayi, ƙofa ta buɗe, ya yi magana, da Hausa ma in ya so. In kuwa suna magana ne tsakaninsu kamar babu kowa a wurin, to dariya da tafi da ajiyar zuciya sun isa. Abin da ba ya da kyau ko'ina shi ne sharhi irin na gidan kallon ƙwallo, inda mutum zai yi ta gaya wa na kusa da shi abin da zai faru, ko ya ƙwala wa ɗan wasa kira da sunansa na gida saboda ya gane ɗan maƙwabcinsa ne a cikin rawani.

Akwai dalilin da ya fi ladabi nauyi. Sau da yawa wasan da ake kallo jarrabawa ce. Malamai na zaune a cikin 'yan kallo da takarda da biro suna ba da maki. Yarinyar da ke kuka a fage ta yi makonni tana haddar layukanta, kuma wayar da ta yi ƙara a daidai lokacin na iya sa ta manta, makin ya tafi. Don haka a kashe ƙarar waya tun a ƙofa. Kada a haska fitilar kyamara, domin tana kashe wa ɗan wasa ido. Wanda ke son ɗaukar bidiyo ya nemi izini tukuna. Wasan aikin wasu ne, ba a kwashe shi a watsa ba da saninsu ba.

Liƙi ma a bar shi. Shiga fage da kuɗi a hannu yanke wasa ne, ban da cewa dokar Babban Banki ta 2007 ta hana watsa naira. Mai son yin alheri ya jira a tashi, ya nemi shugaban ƙungiyar ya ba shi a hannu. Ɗalibai kan haɗa kuɗin kayan wasa daga aljihunsu, ba za su ƙi ba.

Wanda ya makara, ba za a rufe masa ƙofa kamar a Milan ba, amma ya tsaya daga baya har a canja fitowa, sannan ya lallaɓa ya zauna a wuri mafi kusa. Ba a sallama da ƙarfi, ba a bin layi ana gaisawa da sanayya. Gaisuwa na nan bayan an tashi. In aka ɗauke wuta, ya zauna inda yake. 'Yan wasan sun saba, ko su jira janareta ko su ci gaba.

Kujeru ba su da lamba, wanda ya riga zuwa shi ke zaɓe. Layin gaba akan bar shi ga malamai da manyan baƙi, kuma ba lallai ne ya fi daɗin kallo ba: a wasan da ke da rawa, ƙura ta na gaba ce. Dattijon da kunnensa ya yi nauyi ya gaya wa ɗaliban da ke tsaye a ƙofa, za su sama masa wuri kusa. Mata da suka zo tare za su iya zama gefe guda abinsu. Yara kuwa a tambaya tukuna ko wasan ya dace da su, domin wasu wasannin na taɓa yaƙi, kisa, ko zancen manya. Mai goyo ta zauna kusa da mafita.

Idan wasa ya ƙare, 'yan wasa za su fito su jeru su rusuna. Wannan ne lokacin tafi mai tsawo, da guɗa ga mai iyawa. Tashi a fice ana cikin wannan kamar baƙo ne ya ci tuwo ya miƙe ba ko madalla. Wani lokaci darakta kan fito ya gabatar da su ɗaya bayan ɗaya, ko a buɗe fagen tambayoyi.

Sai komawa gida. Motocin PZ na raguwa in dare ya yi, kuɗin keke kuma na hawa. Mai zuwa daga Sabon Gari ko Tudun Wada ko cikin birni ya shirya komawarsa tun kafin ya fito: ya karɓi lambar wani mai keke da ya yarda da shi, ko su zo su uku su huɗu su koma tare.

Aikin aji

Masu karatu su amsa da baki: me ya sa ake rufe ƙofa ga wanda ya makara a gidan opera? Ta yaya mai kallo a Samaru zai gane cewa an ba shi damar magana? Wane bambanci ke tsakanin gidan wasa na Iganmu da na Samaru?

Daga nan aji ya zaɓi mutum biyu su binciko wasa na gaba da za a yi a Drama Village, su kawo rana, lokaci, kuɗin shiga da harshen wasan. Kowa ya lissafa a littafinsa abin da tafiyar za ta ci masa, kuɗin mota zuwa da dawowa da na tikiti, ya kuma rubuta ƙarfe nawa ya kamata ya bar gida.